Gudron Mai Haifar da Kuran: Tarihin Wani Mafarki

Akwai wata magana da kan dawo cikin hirar ɗalibai duk lokacin da kuran ya ɗauke aka fito waje shan iska. Wani sai ya ce: tunda rana na dukan gudron tun safe har marece, me zai hana a shimfiɗa farantan sola a madadin gudron ɗin, hanya ta zama hanya, kuma ta zama tashar kuran? Mai faɗin haka ba wawa ba ne. Injiniyoyi da ministoci da manyan kamfanoni sun riga shi faɗi, kuma su ba su tsaya ga baki ba, ginawa suka yi. Tsakanin 2014 da 2017 an shimfiɗa irin wannan hanya a Holan, a Amurka, a Faransa da ƙasar Sin. Ke nan maganar ta wuce hasashe, tana da tarihinta, da ranakunta, da alƙalumanta. Wannan tarihin nake so in bi muku, ƴan'uwa.

Ni ɗalibin kimiyyar harshe ne, sai ku yi mini uzuri in fara da kalmomi. Ƴan'uwanmu na ƙetaren iyaka kwalta suke cewa, daga Ingilishi. Mu nan muna cewa gudron, daga Faransanci. Duka biyun asalinsu abu ɗaya suke nufi: baƙin ƙaron nan mai danƙo da ke saura in an toya gawayin dutse don a samu iskar gas. Wato datti ne na masana'anta. A 1902 wani likita ɗan ƙasar Suwis mai suna Ernest Guglielminetti ya sa aka shafa shi a kan wani yanki na hanya a Monako, don ƙurar da motocin farko ke tayarwa ta dame shi, har aka yi mishi laƙabi da Likita Gudron. A wannan shekarar ce kuma wani Bature a Ingila, Edgar Hooley, ya yi rajistar dabarar cakuɗa ƙaron da tsakuwa. Kafin su, tun wajen 1820, John McAdam ya nuna cewa in ka fasa duwatsu ƙanana ka danne su, ka ɗan tayar da tsakiyar hanya don ruwa ya gangare, to ka samu hanya. Yau ƙaron da ake amfani da shi ragowar tace man fetur ne, kuma bai wuce wajen kashi 5 cikin 100 na shimfiɗar ba. Sauran duk tsakuwa ce da rairayi. Ku riƙe wannan: hanya an yi ta da abu mafi araha, mai kaushi, wanda in ya fashe mutum huɗu da shebur da ɗan abin dannewa za su iya yi mishi faci.

Farantin sola kuwa wani gida ya fito. Edmond Becquerel, yana ɗan shekara 19, ya gano a 1839 cewa haske na iya tayar da kuran. An yi sama da shekara ɗari kafin masu bincike na kamfanin Bell a Amurka su ƙera ƙwayar silikon mai amfani a 1954, wadda ke juya wajen kashi 6 cikin 100 na hasken da ya faɗo mata zuwa kuran. Tsadarta ta sa kasuwarta ta farko a sararin samaniya take: tauraron ɗan'adam Vanguard 1 ya tashi da ita a 1958. Mu ma muna da hannu cikin tarihin makamashin rana, don Farfesa Abdou Moumouni, ɗan Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunanshi, ya ja ragamar ma'aikatar ONERSOL tun 1969, lokacin da ƙasashe da yawa ba su ɗauki rana a bakin komi ba. Amma duk inda ka bi tarihin farantin, abu ɗaya za ka tarar: ɗan lele ne. Ƙwayar da ke cikinshi kaurinta bai kai rubu'in milimita ba, tana karyewa kamar ɓawon ƙwai. Yana son tsabta, yana son iska ta ratsa bayanshi, yana son ya fuskanci rana, ba ya son inuwa ko ta sandar rake. Hanya jaki ce, farantin sola ɗan sarki. Su ne aka ce za a mayar abu guda.

Waɗanda suka fara yayata abin mata da miji ne a jahar Aidaho ta Amurka, Scott da Julie Brusaw, da suka kafa kamfanin Solar Roadways a 2006. Nasu mafarkin ya fi na kowa faɗi. Farantai masu kusurwa shida, na gilashi mai kauri, da ƙananan fitilu a ciki da za su riƙa zana layukan hanya da kansu, da abin ɗumamawa da zai narkar da ƙanƙara lokacin sanyi. Ma'aikatar sufuri ta Amurka ta ba su dala 100,000 a 2009, ta ƙara musu 750,000 a 2011. A 2014 suka saki wani bidiyo mai zafin talla a intanet, miliyoyin mutane suka kalla, jama'a suka yi musu karo-karo na sama da dala miliyon 2 a dandalin Indiegogo. Da lokacin gani da ido ya zo, a 2016, abin da aka shimfiɗa a garin Sandpoint farantai 30 ne, fili kamar na ɗaki guda, a dandalin da mutane ke takawa da ƙafa, ba inda mota ke bi ba. Kuma da yawa daga cikinsu tun farko ba su yi aiki daidai ba. Batun narkar da ƙanƙara shi ya fi ba ni dariya. Narkar da kilo goma na ƙanƙara na cin kusan kilowat-awa guda, alhali lokacin da ake buƙatar narkarwar shi ne lokacin da ƙanƙarar ta rufe farantin, ba ya samar da komi. Kuran ɗin sai an jawo shi daga waje.

Mutanen Holan sun fi natsuwa. A Nuwamba 2014, a garin Krommenie arewa da Amstadam, suka buɗe mita 70 na hanyar kekuna mai suna SolaRoad: faifan siminti, farantai a ciki, gilashi a sama. Kuɗin aikin da bincikenshi sun kai wajen yuro miliyon 3. A wata shida na farko ta ba da kilowat-awa 3,000, abin da gida ɗaya mai mutum guda ke ci a shekara a can. Amma tun sanyin farko fatar saman ta fara ɓarewa, alhali keke kawai ke bi. A 2019 suka ce bari su gwada da manyan motoci, a wurare biyu. Cikin mako guda aka rufe su duka saboda saman ya lalace.

Faransa ce ta yi babban shiri, kuma a nan nake so mu daɗe. Kamfanin Colas, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin gina hanya na duniya, ya yi shekaru yana aiki da cibiyar makamashin rana ta ƙasar, suka fito da abin da suka kira Wattway. Dabararsu ta fi ta Amurkawan wayo: ba za a tone hanya ba, za a manna faifai masu kaurin ƴan milimita ne a kan gudron ɗin da ke nan, an lulluɓe ƙwayoyin da wani irin danƙo mai ɗauke da ɓarɓashin gilashi don taya ta samu riƙo. An nuna shi a ƙarshen 2015, daidai lokacin babban taron sauyin yanayi na COP21 a Paris, lokacin da kowace gwamnati ke neman abin da za ta nuna wa duniya. A Janairu 2016 ministar muhalli Ségolène Royal ta yi alƙawarin kilomita 1,000 cikin shekara biyar. Ranar 22 ga Disamba na wannan shekara ta je wani ƙaramin gari mai suna Tourouvre a yankin Normandi, ta buɗe kilomita ta farko.

Ga alƙaluman. Tsawo kilomita ɗaya, hannu guda na hanyar, murabba'in mita 2,800 na farantai. Kuɗin da gwamnati ta zuba: yuro miliyon 5, wato sama da miliyar 3 na sefa. Abin da aka yi fata: kilowat-awa 280,000 a shekara, wai su isa hasken titunan garin. Abin da aka samu a shekarar farko: kusan 150,000. A 2018 bai kai 80,000 ba. A wata bakwai na farkon 2019, ƙasa da 40,000. Ganyen itatuwa na faɗowa ya ruɓe a kai. Taraktocin manoma na bi da laka. Faifan suka fara ɗagowa suna farfashewa, har a 2018 aka cire wani yanki na wajen mita 100 da ya ƙi gyaruwa. Ga ƙara: kaushin saman ya sa tayoyi ke kuka, mutanen gari suka koka, aka rage gudu zuwa kilomita 70 a awa. A Yuli 2019 jaridar Le Monde ta kira aikin faɗuwa ƙarara, kuma kamfanin da kanshi ya yarda cewa fasahar ba ta nuna ba da za a sa ta a hanyar da ke haɗa garuruwa. A 2024 aka kwashe abin da ya rage. Sauran kilomita 999 kuwa ba a sake jin labarinsu ba.

Don mu gane girman asarar, mu kwatanta da wani aiki na ƙasa ɗaya, na lokaci ɗaya. A 2015 an buɗe tashar sola ta Cestas kusa da Bordo: megawat 300, kuɗi yuro miliyon 360, tana ba da wajen kilowat-awa miliyon 350 a shekara. Lissafin ba ya buƙatar kwamfuta. A Cestas, kowane yuro guda da aka zuba yana haifar da kusan kilowat-awa guda duk shekara. A Tourouvre, ko a shekararta mafi kyau, sai an zuba sama da yuro 30 kafin a samu wannan kilowat-awa ɗin. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba, ko kusa.

Masu kare aikin sun ce ai gwaji ne, kuma duk gwaji da tsada yake farawa. Farantin sola na kan rufi ma a da sai masu harba tauraro ke iya saye, ga shi cikin shekarun 2010 kaɗai farashinshi ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100. Wannan hujja ce mai nauyi, ban raina ta ba. Sai dai ina ganin ba ta zauna a nan ba. Tsadar farantin rufi ta masana'anta ce, da aka yi yawa ta sauka. Matsalar hanyar sola kuwa ba daga masana'anta take ba, daga wurin da aka ajiye ta ne. Duk rahusar da farantin hanya zai samu, na rufi ma zai same ta, kuma shi ba ya buƙatar sulke.

Ku duba abin da hanya ke nema da abin da farantin ke nema. Hanya na son kaushi, don in ta yi santsi aka yi ruwa, burki ba ya kamawa. Farantin na son fuska mai sheƙi da haske zai ratsa. Duk ɓarɓashin da ka ƙara don taya, ka rage wa ƙwaya haske, ka kuma yi wa datti maɓoya. Ba a tauna taura biyu a baki guda. Hanya kwance take, alhali a Normandi rana ba ta tsayawa tsakar ka, farantin sai an jingina shi wajen digiri 30 zuwa 35 yana kallon kudu. Ƙwayoyin ciki kuma jere suke kamar zaren tsakiya, kuran na bi ta ɗaya zuwa ɗaya. In inuwar mota ko ganye ta rufe kaɗan, jerin duka ke rauni. Ga zafi: farantin silikon na rasa wajen kashi 0.4 cikin 100 na ƙarfinshi a kan kowane digiri da ya haura 25, shi ya sa ake barin iska ta bi ƙarƙashinshi. Wanda aka manna a baƙin gudron ba shi da ta inda zai sha iska.

Sannan nauyi. Tsakanin 1958 da 1960 Amurkawa sun yi wani babban gwaji a jahar Ilinoi: suka gina hanyoyi, suka sa sojoji suna zagaya su da manyan motoci dare da rana har suka lalace, suna aunawa. Abin da ya fito shi ne in nauyin da ke kan gatarin mota ya ninka biyu, ɓarnar da yake yi wa hanya ba biyu take ninkawa ba, wajen sau 16 ne. Shi ya sa kamyo guda mai lodi ya fi dubban ƙananan motoci cin hanya. Gudron na jure wannan don yana ɗan lanƙwasawa ya dawo, in ya gaji ya tsage a yi faci. Ƙwayar silikon ba ta san lanƙwasa ba. In ta tsage, ba shebur za a kira ba, mai gyaran kuran za a kira, a rufe hanya.

Ƙasar Sin ma ta gwada. A Disamba 2017, a birnin Jinan, an buɗe wajen kilomita ɗaya a kan babbar hanya, murabba'in mita 5,875. Kwana biyar aka yi aka tarar wani yanki ya ɓace. Da farko aka ce ɓarayi ne, labarin ya zaga duniya. Daga baya aka ce kayan da suka faɗo daga mota ne suka fasa shi. A ganina bayani na biyu ya fi na farko muni ga masu aikin, don ɓarawo ana iya sa mishi gadi.

To me ya sa mutane masu ilimi suka bi wannan hanya har da miliyoyinsu? Hujjarsu ɗaya ce mai kama hankali: fili. A Holan ko Faransa ƙasa na da tsada, manomi ba ya son a cinye mishi gona da farantai, hanya kuwa an riga an shimfiɗa ta, rana na zuba a kanta a banza. Amma ko a can rufin gidaje da na masana'antu da filayen ajiye motoci ba su cika ba, balle a ce an rasa wuri an koma ƙarƙashin taya. Ina zargin wani abu daban: hoton ne. Farantai a kan rufi kowa ya saba gani, ba mai kiran ƴan jarida. Minista na taka hanya mai ƙyalli, wannan labari ne. Sunayen ma ku saurare su da kunnen ɗalibin harshe: Wattway, SolaRoad, duk an ɗaura sunan kuran da sunan hanya cikin kalma guda, kamar ɗaurin ya riga ya ɗauru. Baki na iya haɗa abin da injiniya bai haɗa ba.

Abin lura shi ne akwai waɗanda suka haɗa hanya da rana suka ci riba, sai dai ba su sa farantin a ƙasa ba. Tun 1989 ƴan Suwis suka jera farantai a jikin katangar tare ƙara ta babbar hanyarsu A13. A Koriya ta Kudu, tsakanin biranen Daejeon da Sejong, an yi hanyar kekuna a tsakiyar babbar hanya da rumfar farantai a samanta, mai keke na cikin inuwa, farantin na cikin rana. A jahar Gujarat ta Indiya an rufe wani yanki na magudanar ruwan noma da farantai a 2012. Ita kanta Faransa, a Maris 2023, ta yi dokar da ta tilasta wa manyan filayen ajiye motoci, waɗanda suka haura murabba'in mita 1,500, su rufe aƙalla rabinsu da rumfunan sola. Colas kuma ya rage buri, yana sayar da ƴan ƙananan faifai don kunna fitila ko kamara a gefen hanyar keke.

Wani zai ce mu ina ruwanmu da abin da ya faru a Normandi. Ruwanmu shi ne mu ne masu rana, kuma mu ne masu ƙishin kuran. Mun ga abin da ya faru a Agusta 2023 da Nijeriya ta yanke layin da ke kawo mana wajen kashi 70 cikin 100 na kuranmu. Mai ƙishi shi ake sayar wa kowane irin ruwa, kuma wata rana cikinmu ne wasu za su zauna a ofisoshin da ake sa hannu. In aka zo mana da wannan, gaskiya ne abu guda ya fi mana sauƙi: mu rana kusan tsakar ka take bi, farantin da ke kwance ba ya asara mai yawa ta wannan fuska. Sauran duka sun fi tsanani. Ganyen Normandi wata biyu ne ko uku. Ƙurar hunturu da rairayin da iska ke kwasowa kan hanya mu kusan shekara muke tare da su, wanda ke da faranti a gida ya san sau nawa yake goge shi. Zafin watan Afrilu a kan gudron ba sai na faɗa muku ba. Nauyi kuwa, ƙungiyar UEMOA ta yi doka tun 2005 don taƙaita lodin manyan motoci, amma duk wanda ya bi hanyar Ƙonni zuwa Maraɗi bayan kamyon albasa ko na siminti ya san inda dokar ta tsaya. Hanyar Tawa zuwa Arlit, da aka yi da gudron zalla, mun ga yadda ta koma. Fili kuma, wanda shi ne hujjar Turawan, ƙasar da ta haura murabba'in kilomita miliyon ɗaya da dubu ɗari biyu ba ta da wannan damuwa.

Mu ma muna da namu ma'auni yanzu. Tashar Malbaza, megawat 7, tana aiki tun 2018. Ta Goru Banda kusa da Yamai, megawat 30, an ƙaddamar da ita a Yuli 2023 a kan wajen miliyar 20 na sefa. Da wannan farashin, miliyar 3 da ɗoriya da aka binne a Tourouvre za su sayi kusan megawat 5, alhali hanyar can ko rabin megawat guda ba ta kai ba. Megawat 5 ɗin nan in aka ɗaga su a kan ƙarafa, mita uku daga ƙasa, a tashar mota ta Damagaram ko bakin babbar kasuwar Maraɗi, ƴan kabu-kabu da masu sayar da ruwan sanyi su ne za su fara shiga ƙarƙashi.